Ruwan wardi a fatar matan Gombe

Duk wanda ya zauna gaban malami ya ɗauki babin tsarki a fiƙihun Malikiyya ya ji sunan ruwan wardi, ko da bai taɓa sa shi a ido ba. Da shi ake buga misali idan an zo kan ruwan da yake da tsarki a karan kansa amma ba ya tsarkake waninsa: a sha shi, a zuba a girki, a shafa a jiki a yi salla, duk babu laifi, sai dai ba a alwala ko wankan ibada da shi. A da can iyakar sanin talaka da shi ke nan. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya lissafa man wardi cikin kayan da fatake ke ketowa da su ta Sahara, kuma kayan sarakai da attajirai ne. Sai daga baya alhazai suka riƙa sako kwalba ɗaya ko biyu cikin tsaraba, tare da zamzam da dabino da kwalli.

Yau ba sai an je Makka ba. Shiga wurin 'yan kayan kwalliya a Babbar Kasuwar Gombe, ko shagunan turare daga Jekadafari har Pantami, ko kantunan magungunan Musulunci, za ka tarar da shi jere: wannan cikin kwalba mai rubutun Larabci, wancan cikin robar feshi, wani jaja-jaja, wani garau. 'Yan mata suna ce masa ros wata, kuma abin da ake faɗa a kansa a WhatsApp da TikTok ya isa cika littafi. Wai yana goge tabo, yana kashe ƙuraje, yana tsuke ramukan fuska, yana hana tsufa, yana sa haske. Wannan na ƙarshen shi ne ke sayar da kaya.

Ina son ruwan wardi, kuma ina ganin yana da gurbi a gaban madubin mace. Amma aikinsa ƙarami ne, an ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba, sannan da sunansa ake shigar wa mata abin da ke lalata musu fata.

Furen da ake yinsa da shi ba kowane fure ba ne. Wani jinsi ne da ake dangantawa da Damaskus ta Sham, mai son tudu da sanyin hunturu na gaske, shi ya sa ba a noma shi a kwarin Gombe. Gidajensa sanannu ne: Kamsar kusa da Kashan a Iran, Isfarta a Turkiyya, Kazanlak a Bulgeriya, Kal'at Maguna a Maroko, Kannauj a Indiya, da duwatsun Ɗa'ifa a Saudiyya. Makonni kaɗan yake fure a shekara, kuma da hannu ake tsinkarsa da sassafe, domin da rana ta ɗaga ƙamshin ya fara gudu. A zuba furen cikin babbar tukunyar tagulla da ruwa, a rufe a liƙe baki, a hura wuta a hankali. Tururi ya kwashi ƙamshi ya bi ta bututu, bututun ya ratsa ruwan sanyi, tururin ya koma ruwa yana ɗiga cikin tulu. Ɗan man da ya taso a sama shi ne man wardi, kuma sai an turara fure kilo 3,000 zuwa 4,000 ake samun kilo ɗaya. Ruwan da ya rage a ƙasa shi ne wanda muke magana a kai. Sana'ar ta daɗe a hannun Musulmi: al-Kindi na Bagadaza ya rubuta littafi kan turare da turarawa tun ƙarni na 9, kuma ana jingina gyaran dabarar ga Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037. Har gobe da zamzam gauraye da ruwan wardi ake wanke cikin Ka'aba. Wannan daraja ce ta gaskiya, ba ta buƙatar ƙari. Maganganun da wasu masu talla ke jingina wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da asalin furen, malaman hadisi sun daɗe da bayyana cewa ba su inganta ba, kuma bai kamata a sayar da kaya da su ba.

Wanda ya fahimci yadda ake yinsa ya fahimci iyakarsa. Abin da tururi ya iya ɗauka kaɗai ke shiga kwalba, kuma sinadaran ƙamshin da ke narke a ciki ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Duk sauran ruwa ne. Binciken da ake yawan ambata, cewa wardi na rage kumburi ko yana yaƙar ƙwayoyin cuta, galibinsa a ɗakin gwaji aka yi shi, da man furen ko da kakkauran tatacce, ba da wannan tsinkakken ruwan a fuskar mutum ba. Gwaje-gwajen da aka yi a jikin mutane kaɗan ne, kuma ƙanana.

To me yake yi? Yana sanyaya fata, yana jiƙa ta na ɗan lokaci, yana lafar da ɗan raɗaɗi, yana kuma da ƙamshi mai kwantar da rai, wanda ni ban raina shi ba. Akwai kuma wani amfani da ya shafi masu wanka da sabulun salo. Fatar mutum tana da ɗan tsami a bisa halitta, wajen 5 a ma'aunin da ake kira pH, shi kuwa sabulu yana ɓangaren kanwa, 9 zuwa 10. Yana daga cikin abin da ke sa fuska ta ɗaure bayan wanka. Ruwan wardi na asali yana ɓangaren tsami-tsami, don haka shafa shi bayan sabulu yana sassauta wannan ɗaurewar, ko da yake fatar kan gyara kanta cikin 'yan sa'o'i. Ramukan fuska kuwa ba su da abin buɗewa da rufewa. Sanyi ne ke ɗan tsuke fatar, da ta ɗumama ta koma yadda take. Ƙurajen balaga daga cikin jiki suke tasowa, daga maiƙon da ke toshe ramin gashi, ruwan ƙamshi ba ya kai can. Ba ya goge hodar zamani mai maiƙo, domin ruwa ba ya narkar da mai. Ba ya kare fata daga rana ko kaɗan.

Inda na fi so a tsaya shi ne kan yanayin garinmu, domin yawancin shawarar da ke yawo a waya daga Legas take, ko Indiya, ko Turai, wuraren da iskarsu ba irin tamu ba ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke busowa daga Sahara, laimar da ke cikin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Yarinya ta ga fuskarta ta yi furu-furu, ta ɗauko robar feshi ta fesa. Minti biyu ta ji daɗi. Ruwan ya bushe, ya tafi har da ɗan danshin da fatar ke riƙe da shi, ta sake fesawa. Kafin la'asar kumatu sun fara saɓa, gefen hanci yana zafi, ita kuma tana cewa ros watan ne bai karɓe ta ba, ko jabu aka sayar mata. Abin da ke samun mai lasar leɓe a hunturu ne ya same ta: kowace lasa tana ƙara tsagewa. Ruwa, kowane iri ne, ba ya zama a fata sai an rufe shi da maiƙo.

Maganin wannan yana nan a gida tun kafin robar feshi ta zo. A shafa ruwan wardin, kafin ya bushe a bi shi da man kaɗanya ko basilin ko man shafawa mai kauri. Man ne ke yin aikin, ruwan ya ba shi danshin da zai tsare. Masu haɗawa da gilisarin suna da hujja, domin gilisarin na riƙe ruwa, amma kaɗan ake sawa, cokali ɗaya cikin goma ya wadatar. Idan ya yi yawa sai fuska ta yi danƙo, kuma duk wadda ta hau keke Napep daga Tunfure zuwa cikin gari a watan Janairu ta san ƙurar da fuska mai danƙo ke kwasowa. Shi ma gilisarin, a iska busasshiya irin wannan, yana son mai a kansa. Faso da kaushin ƙafa kuwa ba aikin ruwan wardi ba ne sam: jiƙawa, gogewa da dutse, basilin da safa.

Da bazara labari ya sauya. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40, man shafawa mai kauri na zama azaba, kuma a nan ne ruwan wardi ya fi cin kuɗinsa. Feshi ɗaya a fuska da wuya, musamman ga mai yini cikin hijabi ko niƙabi, yana sanyaya jiki ba tare da ya toshe fata ba. Yana lafar da ƙaiƙayin ƙurajen zufa. Sai dai ba ya maye gurbin wanka, kuma jinjiri a bar shi da ruwa zalla.

Sai maganar abin da ke cikin kwalbar. Fure mai makonni kaɗan a shekara, da ake tsinka da hannu, a turara, a yi masa jigila daga wata nahiya, ba zai zo da kuɗin ruwan leda ba. Mai arhar nan yawanci ruwa ne da turaren roba da kala. Na asali garau yake, domin launin fure ba ya bin tururi, don haka duk wanda ya yi ja an sa masa rini. Ƙamshin na asali mai laushi ne, ba ya daɗewa. Wanda ya kama hanci ya yini a mayafi, turare ne. A juya bayan kwalba a karanta: sunan furen ne a farko, ko ruwa da turare? Akwai lambar NAFDAC da ranar lalacewa? Wanda ke da sifirit a ciki yana busar da fata, a hunturu kuwa ya ƙara wa Barno dawaki. Ko na asalin ma ba kowa yake karɓa ba. Biyu daga cikin sinadaran ƙamshinsa, jeraniyol da sitironelol, suna cikin waɗanda dokar Tarayyar Turai ta wajabta a rubuta a jikin kayan shafa saboda suna tayar wa wasu mutane da borin fata. Mai fata mai saurin fushi ta fara ɗiga shi a cikin hannu, ta jira kwana biyu.

Wasu suna dafa nasu a gida, kuma niyyar mai kyau ce. Amma furen ado da ake sayarwa an sha fesa masa maganin ƙwari, ƙamshinsa ma bai taka kara ya karya ba. Sannan ruwan da aka dafa ganye a ciki yana lalacewa cikin 'yan kwanaki, balle a garin da firji ke yini babu wuta. Idan ya yi gurɓi-gurɓi, ko wani abu yana yawo a ciki, ko warinsa ya juya, a zubar. Na kanti ma a ajiye shi a inuwa, a rufe, kada a tsoma yatsa ko auduga ta biyu a bakin kwalba. Jin an ce babu sinadarin hana lalacewa a ciki ba abin murna ba ne kullum, domin ruwa mai zaman watanni cikin zafi ba tare da kariya ba gidan ƙwayoyin cuta ne.

Wannan ne ya sa wurare biyu suke ba ni tsoro. Na farko ido. Idan afolo ta shigo unguwa, za ka ji ana ba da shawarar a ɗiga ruwan wardi. Maganin ido ana yinsa ne a tsaftar da babu ƙwayar cuta ko ɗaya, kwalbar kanti kuwa ba haka take ba, kuma miki a baƙin ido na iya tafiya da gani cikin kwanaki. Na biyu al'aura. Haɗe-haɗen tsarki da matsi da ake kwaɓawa da ruwan wardi da miski suna kore ƙwayoyin da Allah ya ajiye a wurin don kariya, su buɗe ƙofa ga ƙaiƙayi da ciwon sanyin da ake ƙoƙarin gudu.

Duk waɗannan ƙananan matsaloli ne idan aka gwada su da maganar haske.

Ruwan wardi ba ya sa fari. Babu wani abu a cikinsa da ke taɓa sinadarin da ke ba fata launinta. Idan fuska ta yi ɗan sheƙi bayan an shafa, jiƙa ce da gogewar ƙura. Amma sunansa yana da tsabta a kunnen mutane, yana tuna musu Makka da gargajiya da abin da ba ya cutarwa, kuma wannan tsabtar ce masu haɗin mai suka gano. Roba ce fara, babu suna, babu lamba, an ce haɗin oganik ne. Ka tambaya sai a ce, "Haba Anti, ai ba bilicin ba ne, ros wata ne da karas da kurkum da madara, asalin kalarki kawai zai fito miki da ita." Wadda ba za ta taɓa sayen man bilicin da sunansa ba, don kunya ko don tsoron Allah, sai ta saya da kwanciyar hankali. Sati biyu ta yi fayau, ƙawaye suna tambayar lamba.

Karas da madara ba sa sauya launin mutum cikin sati biyu. Abubuwan da ke yin haka sanannu ne, guda uku: haidirokwinon, da magungunan sitiroyid masu ƙarfi irin su kulobetasol, waɗanda ake matsowa daga tub a kwaɓa, da kuma zaiba, wato makuri. Sitiroyid yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa a hannu da cinya, ya buɗe wa kyasbi da makero hanya, ya sa rauni ya ƙi warkewa, abin da kan fito fili ranar da aka yi wa mace tiyatar haihuwa. Idan aka daɗe ana shafe jiki da shi yana shiga jini, yana iya jawo hawan jini da ciwon suga. Haidirokwinon, in an daɗe, yana juyawa ya bar baƙin tabo mai kauri a kumatu, mai wuyar magani. Zaiba kuwa ƙoda da jijiyoyi take ci, tana kai wa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Ranar Gombe tana ƙara tsananta duk wannan, domin launin da ake korewa shi ne garkuwar fata daga rana.

Adadin da aka fi ambata, cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna shafa man sa haske, ya yaɗu ne daga wata takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011, kuma tushensa bincike ne da aka yi tsakanin 'yan kasuwa a Legas. Bai kamata a ɗauke shi a matsayin ƙidayar kowane gari ba. Sai dai wanda ke zuwa biki a Gombe yana kallon gaɓoɓin yatsu ba ya buƙatar alƙaluma. A 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, kuma dokarta ta hana zaiba da sitiroyid a man shafawa. Amma hukuma tana iya bin kayan da ke da suna da adireshi ne. Robar da aka kwaɓa a ɗaki, aka tallata a waya, ɗan acaɓa ya kai har ƙofar gida, ba ta bi ta gaban kowa ba.

Ba zan ɗora laifin kan matan kaɗai ba. Saurayin da ke cewa shi fara ko mayya ce, da uwar mijin da tambayarta ta farko ita ce launin yarinya, da 'yan biki masu cewa amarya ba ta sha gyara ba don ba ta sauya kala ba, duk suna da hannu a cikin wannan robar. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne uwar da ke shafa wa ƙaramin yaro, wanda fatarsa ta fi ta babba saurin tsotse duk abin da aka sa mata.

Wadda ta riga ta shiga, kada ta yanke dare ɗaya ta koma fesa ruwan wardi tana jiran ya gyara ɓarna. Fatar da ta saba da sitiroyid tana yin bore idan an tsayar farat ɗaya, ta yi ja, ta feso da ƙuraje, abin da ke mayar da mata da yawa ga mai haɗin. Janyewa a hankali ake yi a hannun likita, a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha, kuma a tafi da robar a nuna. Tabon da ƙuraje suka bari a baƙar fata yana dushewa da kansa, amma cikin watanni, in an daina matsa ƙurji an kuma kare fuska daga rana.

A gyaran amarya ne duk waɗannan zaren suke haɗuwa. Dilka da halawa da turaren jiki, sana'ar da matan Barno suka shahara da ita, sun zama ruwan dare a Gombe, kuma ruwan wardi yana da wurinsa na halak a ciki. Da shi ake kwaɓa dilka da kurkum, da shi wasu ke dama lalle. Bayan an ɗaga halawa, fata ta yi ja tana zogi, auduga jiƙe da na asali mai sanyi tana kawo sauƙi nan take, mai sifirit da turare kuwa sai ya sa amarya ta zabura. Sheƙin da ake gani bayan kwanakin gyara na gaskiya ne: an murje matacciyar fata, an shafe jiki da mai, yarinya ta yi kwanaki a ɗaki rana ba ta taɓa ta ba. Masu sana'ar da yawa a nan suka tsaya, kuma sun cancanci kuɗinsu. Wasu kuwa, saboda dangi suna son a ga canji kafin ranar kamu, sukan ƙara abin da ba sa faɗa.

Amarya tana lulluɓe, kunya ba za ta bar ta ta yi tambaya ba. Goggonta ko addarta ce za ta zauna kusa da kwanon kwaɓi ta ce, "Hajiya, don Allah me da me kika zuba? A nuna mini mazubinsu." Mai gaskiya za ta jero su a tabarma ba tare da ɓacin rai ba. Duk wani sabon haɗi kuma a gwada shi a hannun yarinyar tun biki da sauran wata guda, domin borin fata kan ɗauki kwana biyu zuwa uku kafin ya fito, ya kuma yi sati biyu ko fiye bai kwanta ba.